Urwerk, MB&F ko Freak: wanne zai zauna lafiya a hannun mutumin Accra?

Wannan maganar ba ta mai neman agogon duba lokaci ba ce, don wayar da ke aljihunka da Casio ɗin da ake zubawa a tire a Makola duk sun fi agogunan da zan ambata faɗin lokaci daidai. Magana ce ta mutumin da Allah Ya hore masa, ya ɗaura Rolex har ya gaji, yanzu yana son abin da in ya shiga taro babu mai irinsa, agogon inji zalla babu batir, wanda aka ƙera guda ƙidayayyu kuma siffarsa ba ta kama da agogon da muka taso muka gani ba. Muna da irin waɗannan mutanen, daga Nima da Mamobi har Madina da waɗanda suka koma East Legon, masu harkar gwal da canji da kayan Dubai, kuma kusan duk wanda ka ji ya tada zancen suna ɗaya ne a bakinsa, Richard Mille.

Toh bari in sallami Richard Mille da wuri. Ba wai ba su iya aiki ba ne, sun iya, tun 2001 suke, su suka yi RM 27-01 na ɗan wasan tenis Rafael Nadal mai nauyin giram 18.83 har da maɗaurinsa, guda 50 kacal, su kuma suka yi RM UP-01 a 2022 mai kaurin milimita 1.75, guda 150, kuɗinsa ya kusa dala miliyan 1.9. Amma abu biyu ne suka sa na cire shi. Na ɗaya kuɗin, mafi arahar na maza ma ya wuce yawancin waɗanda zan kawo. Na biyu jabunsa ya yi yawa a garin nan har ta kai in ka ɗaura na gaske kallon farko da za a yi maka shi ne na mai jabu, kuma kamfanin yana fitar da sama da dubu biyar a shekara, wato ba shi da ƙarancin da ake zato. Uku nake son mu auna: Urwerk UR-100, injinan MB&F da suke kira HM, sai Freak na Ulysse Nardin.

Urwerk su Felix Baumgartner mai haɗa agogo da Martin Frei mai zane suka kafa shi a 1997 a Suwizalan, kuma har yau abin da suke yi a shekara bai fi 150 ko kusa da haka ba. UR-100 ya fito a 2019. Ba shi da dogon hannu da gajere, faifai uku ne ƙanana kowanne ɗauke da lambobin awa huɗu suna zagaye, awar da ake ciki ita ce za ta sauko ƙasa ta bi layin mintuna daga 0 zuwa 60, tana kaiwa ƙarshe sai ta gaba ta shigo daga ɗaya gefen. Da ka gan shi a hoto za ka ce ruɗani ne amma wallahi a hannu ya fi agogon gargajiya saurin karantuwa, wuri ɗaya kake kallo ka ga awa ka ga minti, kuma da yake a ƙasan fuskar yake ko hannun riga ya rufe rabi kana gani. Dabarar ma ba sabuwa ba ce, a 1656 'yan gidan Campani suka yi wa Fafaroma Alexander na VII agogon dare mai irin wannan tafiyar awa. Abin da ya fi burge ni a na farkon shi ne, kibiyar mintin nan in ta gama aikinta sai ta ɓulla ta gefe tana nuna kilomita 555 da duniya ke juyawa cikin minti 20 a layin tsakiyar duniya, ta ɗaya gefen kuma kilomita 35,740 da duniya ke ci cikin minti 20 a zagayen rana. Kaga mutumin Jeniba ta Suwizalan in ya ɗaura, lambar farkon nan ba tasa ba ce, ya yi nisa da layin. Mu kuwa Accra digiri biyar da rabi ne kawai sama da shi, saboda haka 555 ɗin kusan tamu ce daidai, kana zaune a shago minti ashirin Allah Ya juya da kai abin da ya fi tafiyar Kumasi zuwa da dawowa. Ni wannan kaɗai yana sa ni yin tasbihi.

MB&F kuma na Maximilian Büsser ne, ya kafa a 2005 bayan ya bar kamfanin Harry Winston, kuma shi da Baumgartner sun san juna sosai don tare suka yi agogon Opus V a can. Shi ba agogo yake cewa yana yi ba, inji yake cewa, kuma gaskiyarsa. HM4 na 2010 kamar injinan jirgin sama biyu ne aka jera a wuyan hannu. HM10 Bulldog na 2020 siffar kare ne, idanuwa biyu masu juyawa ɗaya awa ɗaya minti, a ƙasa kuma akwai muƙamuƙi da haƙora, in wanin, wato ƙarfin da aka murza wa injin, ya cika baki a buɗe in ya ƙare ya rufe. HM11 Architect na 2023 gida ne mai ɗaki huɗu, ɗaki ɗaya lokaci, ɗaya yana nuna wanin da ya rage, ɗaya ma'aunin zafi, ɗaya wurin saita lokaci, kuma jikin agogon gaba ɗaya kake murzawa ka yi masa wani, zagaye goma ya ba ka awa 96, sun fara da guda 25 a kowane launi. In maganar aikin hannu ce da gogewar ƙarfe da abin da zai sa mutum ya riƙe baki, babu na biyun MB&F a cikin ukun nan, ban ma haɗa su ba.

Shi Freak ya girme su a wannan fage ta wata fuskar. A 2001 Ulysse Nardin suka fito da shi ƙarƙashin Rolf Schnyder da Ludwig Oechslin, babu hannaye, babu fuska, babu ɗan kunnen nan na gefe da ake murzawa, injin ne da kansa yake juyawa sau ɗaya a awa yana zama hannun minti, da zoben gaba ake saita lokaci da na baya ake wani. Shi ne kuma agogon farko da aka sa wa silikon a wurin da ke sarrafa bugun inji, abin da yanzu manyan kamfanoni da yawa suka bi. Yau akwai Freak X na 2019 wanda aka mayar masa da kunnen don sauƙi, milimita 43, otomatik, awa 72, akwai Freak One na 2023 da ya koma tsarin asali, akwai Freak S na 2022 da aka fara da guda 75.

Yanzu maganar adadi, don nan ake cin kuɗin mutane. In dila ya ce maka Alhaji guda 25 ne a duniya, tambaye shi 25 na me. Sau da yawa launi ne kawai 25, injin da jikin iri ɗaya ne da wasu ɗaruruwa, bana shuɗi baɗi kore. UR-100 an fara shi da 25 na ƙarfe 25 baƙi, daga baya iri-iri suka yi ta fitowa har aka koma sabon samfurinsa UR-100V. Freak X ma haka, akwai na kullum akwai na ƙidaya masu ado daban. Abin da ya kamata ka duba shi ne nawa kamfanin yake yi gaba ɗaya a shekara, Urwerk wajen 150, MB&F wajen 400, Ulysse Nardin dubbai. Saboda haka Urwerk ɗin da ba a rubuta masa lamba ba ma ya fi Freak X mai lamba wuyar gani. Kuma MB&F wani lokaci injin kansa suke ƙayyadewa, kamar HM6 da suka ce inji 100 za su yi su tsaya, wannan shi ne ƙarancin gaske.

Sai abin da masu rubutu a Turai ba sa kawowa amma mu dole mu fara da shi, gwal. Namiji Musulmi ba ya ɗaura zinare, kuma da yawa daga cikin waɗannan suna zuwa da jan gwal ko a jiki ko a zobe. Freak One na farko zoben gabansa gwal ne, sai dai ka nemi samfurinsa da ake kira OPS wanda ba haka ba. Bulldog akwai na titaniyom akwai mai jan gwal. UR-100 mafi yawansu ƙarfe ne ko titaniyom ko kabon amma shi ma an yi na gwal, dan haka karanta takardar kar ka tsaya a launi, don farin gwal ido ba ya bambanta shi da ƙarfe. Maganar filatinam da ɗan gwal ɗin da ke cikin inji ka kai wa malaminka. Hajiya kam wannan bai shafe ta ba. Haka siffar kare a Bulldog, na san mutanenmu, akwai wanda ba zai taɓa tsayawa sallah da shi a hannu ba ko an ba shi kyauta, kuma na fahimce shi. Tunda mun zo nan in ƙara da cewa in akwai haƙƙin wani a kanka ko zakkar bana ba ta fita ba, wannan ciniki ya jira, ba gudu yake ba.

Ruwa. Sau biyar a rana muna wanke hannu har gwiwar hannu, ga gumin Accra, ga iskar teku mai gishiri, ga damina sau biyu a shekara. HM11 mita 20 aka rubuta masa, UR-100 na farko mita 30, Freak One mita 30, Freak X da Bulldog mita 50. Kar lambar ta ruɗe ka, mita 30 ba ta nufin ka nutse da shi mita 30, tana nufin yayyafi da fantsalin ruwa kawai, kuma robobin da ke toshe shi suna bushewa da shekaru, zafi kuma yana sa su saurin mutuwa. Ka fito daga mota mai sanyin esi ka shiga rana tsaka a Tudu, in robar ta gaji sai ka ga hazo a cikin gilashi, hazon nan kuwa shi ne farkon tsatsa. Ko wanne ka saya cire shi za ka yi in za ka yi alwala, kuma a nan ne hatsarin ya fi yawa, ba ruwan ba, faɗuwa a kan tayil ko mantuwa a bakin famfo. Ka samu 'yar jaka mai laushi ka riƙa jefa shi a aljihun gaba, kar ka taɓa ajiye shi a kan dakali. Agogo mai gilashi kumbura-kumbura irin na MB&F in ya bugi ƙofar mota ko ya faɗi, gilashin nan ba a yanka shi a ko'ina sai an koma wurin masu shi. In MB&F ɗin kake so dole kuma kana son na yawo, layinsu na EVO da suka fara a 2020 shi ne aka yi don haka, mita 80 da abin tare girgiza, amma shi zagayayye ne ba HM ba. Da hunturu kuma daga Disamba zuwa Fabrairu ƙura ce, ita ma ta wurin robar da ta mutu take shiga. Maɗaurin fatar kada kam manta da shi a garin nan, gumi zai cinye shi ya bar maka wari, ka nemi na roba ko na saƙa ko na ƙarfe tun a shago.

A nan Freak yana da wani abu da sauran ba su kai shi ba, silikon ba ya jin maganaɗisu. Wayoyin yanzu da maganaɗisu a bayansu, ga manyan sifiku a wurin biki da wa'azi, ga murfin jaka, agogon da gashin zuciyarsa, wato siririn sufirin da ke daidaita bugunsa, na ƙarfe ne yana iya kamuwa ya fara gudu. Cire maganaɗisun ba wuya, amma dai gara wanda bai kamuwa.

Kauri kuma, Bulldog milimita 24 ne, tsawonsa 54, babu hannun kaftani mai links da zai haɗiye shi, sai dai da babbar riga da aka naɗe ko fugu ko gajeren hannu. UR-100 milimita 14 ne, faɗi 41, yana shigewa ƙarƙashin hannun riga lafiya lau. Freak X ma haka. Kuma Bulldog da hannu ake masa wani, awa 45, wato kusan kullum da safe sai ka zauna masa, wasu suna jin daɗin haka wasu sati biyu sun gaji.

Toh ga inda ni nake ganin shawarar take yankewa, gyara. Agogon inji mai ne a cikinsa, man yana bushewa, bayan shekara uku zuwa biyar yana son sabis ko ka ɗaura ko ka ajiye a akwati, har Urwerk a wasu agogunansu kamar UR-110 sun sa alamar canjin mai. Masu gyaran agogonmu na bakin kasuwa akwai gwanaye a cikinsu, za su kwance maka Seiko ko Omega su mayar, amma waɗannan ukun babu wanda za ka miƙa musu, ba don raini ba, kayan gyaran ne babu a kasuwa kuma da an buɗe garanti ya tafi. Kamar ka shigo da motar da duk Abossey Okai babu ko fulogi ɗaya nata ne. Saboda haka kafin ka tambayi farashi tambayi hanya, wa zai kai, wa zai karɓa, wata nawa zai yi. Mu sa'armu Dubai, Emirates na tashi daga Accra kai tsaye kuma mutanenmu ba sa rabuwa da hanyar, can ga Ahmed Seddiqi & Sons da suke riƙe da manyan sunaye kuma su ke shirya Dubai Watch Week, shi kansa Büsser a Dubai yake zaune kuma MB&F na da gidan nuna kayansu a can. Amma ko ka kai Dubai babban aiki Suwizalan ake turawa, ka sa a ranka watanni ne. In za ka fitar da shi don gyara ka sa ejan ɗinka ya yi maka takardar kwastan da lambar agogon tun kafin ya fita, don kar ranar dawowa a ɗauke shi sabon kaya.

Sannan wa ya san kamfanin zai kai shekara ashirin nan gaba? Wannan ba tsoratarwa ba ce, HYT da suka zo a 2012 da agogon da ruwa mai launi ke nuna awa a cikin siririn bututu, kowa na yabo, a 2021 suka karye sai daga baya wasu suka saya suka tada shi, ka yi tunanin halin wanda nasa ya tsaya a tsakanin. Ta wannan fuskar Ulysse Nardin ya fi kwanciyar hankali, tun 1846 yake a Le Locle kuma yana da wuraren sabis a ƙasashe da yawa. MB&F kuma a 2024 Chanel ta sayi kashi 25 cikin ɗari nasa, wanda hakan ya ba shi gindi. Urwerk shi ne ƙarami, a kan mutum biyu yake tsaye, wannan rauni ne kuma ba zan ɓoye ba, abin da ya rage mun damuwa shi ne injin da ke ƙasan faifan nan ba baƙo ba ne, na farkon a kan injin kamfanin Zenith aka gina shi, na UR-100V a kan na kamfanin Vaucher, saman ne nasu na kansu. HM kuwa tun daga tushe injin na wannan siffar kaɗai aka ƙera, shi ya sa ya fi daraja shi ya sa kuma ya fi wuyar sha'ani.

Kuɗi, a farashin ranar fitowa nake magana don duk sun hau tun daga nan: Freak X wajen dala 21,000, UR-100 faran 48,000 na Suwizalan, Bulldog na titaniyom wajen dala 105,000, HM11 faran 198,000. Kaga ba aji ɗaya ba ne, kuɗin HM11 ɗaya zai saya maka Urwerk da Freak ya bar canji mai yawa. Ka yi lissafinka da dala har da kuɗin sabis da inshora da abin da kwastan za su karɓa, don mun ga yadda sidi ta yi a 2022 lokacin da hauhawar farashi ta haura kashi 54 a Disamba, mun kuma ga yadda ta farfaɗo a 2025, ba abin da za ka jingina da shi ba ne. Kuma dan Allah kar wani ya ce maka jari ne. Rolex ne kake iya mayarwa kuɗi a yini ɗaya a Accra, waɗannan kuwa mai saye sai an nemo shi a waje ko a kai gwanjon Phillips ko Christie's su cire nasu kason. Freak X na hannu yakan sauka ƙasa da kuɗin shago sosai, wanda hakan asara ce ga mai sayen sabo amma garaɓasa ce ga mai sayen na hannu. Urwerk da MB&F sun fi riƙe kansu sai dai masu nemansu kaɗan ne, ciniki yana jan lokaci.

Ni dai in ni ne da kuɗin, UR-100V na titaniyom ko kabon zan ɗauka. Yana da baƙuntar da ake nema, da gaske ba shi da yawa, yana karantuwa da kallo ɗaya, yana shiga hannun kaftani, babu gwal, kuma ba ya ihu, wanda bai sani ba zai ɗauka wani agogon zamani ne na samari ya wuce, wannan kuwa kariya ce a cikin go-sulo da gilashi a sauke. In kuwa wannan ne karonka na farko a irin waɗannan, ko kai mutum ne mai agogo ɗaya da za ka sa Litinin zuwa Juma'a, ko ba ka yawan fita waje, ɗauki Freak X, in da hali na hannu mai cikakkun takardu, shi ya fi jure rayuwarmu kuma shi ya fi sauƙin kaiwa gyara. HM na MB&F na bar wa wanda ya riga ya mallaki biyu ko uku, yana da inda zai ajiye, yana zuwa Dubai ko Jeniba a kai a kai, kuma ya yarda cewa ranar Sallah da ɗaurin aure kawai zai fito da shi. In ma sunan Büsser ne ke jan ka akwai agogonsu mai araha M.A.D.1 da suka fara a 2021, ƙasa da faran 3,000 aka sayar da mai jan launi, sai dai ta hanyar ƙuri'a ake samu kuma na farkon injin Miyota ne na Japan aka kifa, ba HM ba ne kuma su ma ba su ce shi ne ba.

Duk wanda ka tsayar, in na hannu ne kar ka biya sai ka ga kwali da katin garanti da rasit na asali, ka ɗauki hoton lambar da ke bayansa ka tura wa kamfanin ta imel su tabbatar maka nasu ne kuma su gaya maka yaushe aka yi masa sabis na ƙarshe, ƙananan kamfanonin nan suna da rajistar kowane guda da suka fitar. In mai sayarwa ya fara cewa takardun suna wurin wani ɗan'uwansa a Landan za a aiko daga baya, ka ce masa to in sun iso ya kira ka.